Jan Kati Ga Mai Ramuwa, To Mai Tsokana Fa?

A daren 8 ga Afrilun 2024, saura kwana biyu Ƙaramar Sallah, Al-Nassr da Al-Hilal suka kara a Abu Dhabi a wasan kusa da na ƙarshe na kofin Super na Saudiyya. Hilal na gaba da ci biyu, lokaci ya kusa cika, sai ƙwallo ta fita gefe. Cristiano Ronaldo na gaggawar ɗauka a yi jifa, Ali Al-Bulaihi na Hilal ya sha gabansa. Ronaldo ya sa masa gwiwar hannu a ƙirji, Bulaihi ya zube ƙasa, alƙalin wasa ya zaro jan kati. Duk wanda ya saba kallon ƙwallo a gahawa, ko a Hindawiyya da Karantina a Jidda, ko a Shara Mansur a Makka, ya san yadda irin wannan hukunci ke raba majalisa gida biyu kafin a kawo shayi na gaba. Wannan ya ce hakam, wato alƙalin wasa, ya yi daidai, babu wanda ya fi ƙarfin doka. Wancan ya ce ai kowa ya san halin Bulaihi, shi ya jawo.

Dukkansu suna da gaskiya. Jan katin daidai ne, kuma ba na goyon bayan a sassauta wa mai ramuwa ko da ƙwayar zarra. Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Yadda ake tafiyar da hukunci a yau, wanda ya kunna wutar shi ke cin riba, wanda ya ƙone shi ke barin fili. Muddin lissafin ya tsaya haka, tsokana sana'a ce mai biya, kuma 'yan wasa za su ci gaba da koyon ta kamar yadda suke koyon bugun kusurwa.

Abin da ya sa mai ramuwa ba shi da mafita a rubuce yake a doka ta 12 cikin dokokin wasa na IFAB, hukumar da ke tsara dokokin ƙwallon ƙafa. Dokar ta raba mugun wasa gida biyu. Akwai ƙetar da ake yi wajen neman ƙwallo, wadda ta wuce kima ko ta jefa lafiyar abokin karawa cikin haɗari. Akwai kuma cin zali, wato duka ko yunƙurin duka a lokacin da ba ƙwallo ake nema ba. A wannan na biyun, dokar ta ce ko an taɓa mutum ko ba a taɓa shi ba, yunƙurin kaɗai ya isa a kori ɗan wasa. Ta ƙara da cewa wanda ya kai hannu fuskar wani ko kansa da gangan, ba a wajen neman ƙwallo ba, ya ci zali, sai dai in taɓawar ba ta taka kara ta karya ba. Babu inda aka rubuta cewa in an zage ka ko an take maka yatsa kana da rangwame. Alƙali ba ya auna dalili, abin da hannu ko ƙafa suka yi yake aunawa.

Bahaushe bai buƙatar a je da nisa wajen neman misali. Ranar 17 ga Yunin 2010 a Bloemfontein, a gasar cin kofin duniya, Najeriya na cin Girka ɗaya da nema, ƙwallon Kalu Uche. A minti na 33 ƙwallo ta riga ta fita fili, Sani Kaita da Vasilis Torosidis na Girka suka yi 'yar tirka-tirka a bakin layi. Torosidis ya tura masa ƙwallo a jiki, Kaita ya ɗaga ƙafa ya kai masa shuri a cinya. Shurin bai yi wani ƙarfi ba, amma Torosidis ya faɗi yana birgima, alƙali Oscar Ruiz na Kolombiya ya ba da jan kati kai tsaye. Kaita ya fita ya lulluɓe fuska da rigarsa. Girka ta farke kafin hutun rabin lokaci, sannan ta ci ta biyu, kuma wanda ya ci ta biyun shi ne Torosidis ɗin nan. Wanda ya fara ya ƙarasa wasansa har ya zama gwarzo, wanda ya rama ya ɗauki zagin ƙasa guda. Ba a zalunci Kaita a hukuncin ba. Tambayar ita ce me ya sa aljihun alƙali ya zama babu komai a ciki idan aka juyo kan ɗaya mutumin.

A duba kuma abin da ke faruwa idan wanda aka tsokana ya danne zuciyarsa. A gasar cin kofin Asiya a Qatar, ranar 30 ga Janairun 2024, Saudiyya da Koriya ta Kudu suka haɗu a zagayen 'yan 16. Kyamara ta nuna Bulaihi ya ture Son Heung-min, ya kuma kai hannu ya damƙi gashin kansa. Son bai rama ba. Aka ci gaba da wasa, Bulaihi na cikin fili. Da Son ya kai masa hannu a fuska, da shi za a kora. Ke nan mai tsokana caca yake yi wadda babu faɗuwa a cikinta: in an rama, abokan hamayya sun koma goma, in ba a rama ba, ya tafi salin-alin. Ba Bulaihi ne ya ƙirƙiro wannan ba, kuma ba shi kaɗai ke yi ba. Diego Simeone ya yi wa David Beckham a 1998. Rivaldo ya yi irin tasa a 2002, lokacin da Hakan Unsal na Turkiyya ya buga masa ƙwallo a ƙafa shi kuma ya dafe fuska; aka kori Unsal, Rivaldo tara kawai aka ci shi bayan wasa.

Masu kare alƙalai kan ce rafali ba ya jin abin da ake raɗawa a kunne, balle yanzu da 'yan wasa ke rufe baki da tafin hannu in za su yi magana. Wannan gaskiya ne, kuma ba na so a riƙa korar mutum a kan zato. Ko a shari'ar Zidane da Materazzi ta 2006, a fili Zidane kaɗai Horacio Elizondo ya kora bayan ya tunkuyi Materazzi a ƙirji. Sai daga baya FIFA ta yi bincike, ta dakatar da Zidane wasa uku, Materazzi wasa biyu saboda kalaman da ya faɗa. Wannan hukuncin ya nuna cewa hukunta mai tsokana abu ne mai yiwuwa idan an so. Abin takaici, ya zama kamar ruwan sama a Jidda, sai an daɗe ba a gani ba.

Amma mafi yawan tsokana ba magana ba ce, ido na ganin ta. Riƙe ƙwallo bayan an busa usur, ko shure ta gefe, ko tsayawa gaban mai jifa, duk jinkirta wasa ne, kuma hukuncinsa katin gargaɗi. Jan gashi, mintsini, take yatsun ƙafa kafin bugun kusurwa, shafa kan wanda ya ɓarar da fenareti, zuwa gaban 'yan kallon abokan hamayya a yi musu gwalo bayan cin ƙwallo, kowanne yana da gurbinsa a dokar, ko dai halin rashin da'a mai jawo katin gargaɗi, ko cin mutunci da zagi mai jawo kora. Game da rungume-rungumen da ake yi a cikin da'irar mai tsaron raga ma an shimfiɗa wa alƙali matakai: ya tsayar ya ja kunne kafin a bugo ƙwallo, in aka ci gaba ya ba da kati, in kuma an riga an bugo ya ba da bugun tazara ko fenareti. Ba sabuwar doka muke nema ba. Kayan aiki na nan, hannu ne ke nauyin ɗauka.

Dalilin nauyin hannun shi ne abin da alƙalai ke kira tafiyar da wasa. Ana koya musu kada su yi saurin fito da kati a farkon wasa, don kada su ɗaure kansu, su wayi gari sun kori mutum biyu kafin hutun rabin lokaci. Akwai hikima a ciki. Matakan da aka saba su ne magana a hankali yayin wucewa, sai kiran ɗan wasa a ja masa kunne a bainar jama'a yadda kowa zai gani, sai kati. Inda abin ke lalacewa shi ne idan alƙali ya yi jan kunne na bainar jama'a sau biyu ko uku ga mutum ɗaya. Daga nan 'yan wasa sun gane barazana ce kawai. Sai kuma dabarar karɓa-karɓa: ƙungiya ta sa ɗan wasa ɗaya a gaba, wannan ya taɗe shi, wancan ya ja rigarsa, na uku ya bangaje shi, babu wanda ya yi sau biyu balle a ce ya cika ƙeta. Dokar ba ta ƙayyade adadin laifin da ke zama maimaici ba, ta bar wa alƙali. Alƙalin kirki yana ƙirga wanda ake yi wa, ba wanda ke yi kaɗai ba. In an kayar da mutum ɗaya sau huɗu cikin minti 20, na huɗun ya karɓi katin a madadin sauran, a kuma kira kyaftin a faɗa masa dalili. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wasan Portugal da Holland a Nuremberg a 2006 ya ƙare da katin gargaɗi 16 da jan kati 4, kuma masu bin wasan sun san daga ina ya ɓaci: tun a mintunan farko Khalid Boulahrouz ya sa wa Ronaldo ƙusoshin takalmi a cinya, aka ba shi katin gargaɗi kawai, Ronaldo ya fita da rauni kafin hutun rabin lokaci. Daga nan kowa ya shiga ɗaukar fansa da ƙafarsa.

A nan ya kamata a tsaya a kan ƙeta wajen neman ƙwallo, domin a nan ne 'yan kallo suka fi ruɗewa. Mataki uku ne. In ɗan wasa ya yi sakaci, bugun tazara ne ba kati. In ya yi ganganci, bai damu da abin da zai sami abokin karawarsa ba, katin gargaɗi. In ya yi amfani da ƙarfin da ya wuce buƙata ko ya jefa lafiyar wani cikin haɗari, jan kati. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, kuma abubuwan da alƙali ke aunawa cikin daƙiƙa guda sanannu ne. Daga wace tazara mutum ya taho, da wane gudu? Ƙafarsa a miƙe take ƙyam, ko gwiwa a lanƙwashe yadda za ta iya janyewa? Ƙusoshin takalmi suna kallon ƙasa ko suna kallon mutum? Ya bar ƙasa da ƙafa biyu, wato ya zama jifa da ba shi da birki? A ina ya sauka, kan takalmi, ko idon sawu, ko ƙwauri, ko gwiwa? Ƙafar wanda aka yi wa tana kafe a ƙasa ɗauke da nauyin jikinsa? Wannan na ƙarshen shi ne ke raba ƙujewa da karaya. Ƙafar da ke sama tana bin bugu ta tafi. Wadda ƙusoshinta suka kama ciyawa ba ta da inda za ta, sai ƙashi ko jijiya su ɗauki nauyin. Tsinkewar jijiyar cikin gwiwa kan cinye wa ɗan wasa wata shida zuwa tara, wani ma ba ya komawa yadda yake.

Saboda haka maganar nan da ake yawan yi a majalisa, wai ai ƙwallo ya fara taɓawa, ba hujja ba ce. Taɓa ƙwallo ba ya wanke wanda ya bi ta kanta ya sauka a ƙwaurin mutum da ƙusoshi. Haka nan rashin mugun nufi ba ya wanke shi. Alƙali ba ya shiga zuciya. A wasan Najeriya da Faransa a 2014, Blaise Matuidi ya sauka a kan idon sawun Ogenyi Onazi, aka fitar da Onazi a kan gadon ɗaukar marasa lafiya, Matuidi ya tsira da katin gargaɗi. Wataƙila bai yi nufin raunata shi ba. Amma duk ma'aunan da aka lissafa a sama, ƙusoshi, wurin sauka, kafaffiyar ƙafa, sun nuna ja.

Na'urar VAR, mai taimaka wa alƙali da hoton bidiyo, ta rage irin wannan kuskure, amma ba ta taɓa matsalar tsokana ba, kuma mutane da yawa ba su san dalili ba. Lokacin da aka shigar da ita cikin dokoki a 2018, an gina ta ne a kan abubuwa huɗu: cin ƙwallo, fenareti, jan kati na kai tsaye, da kuskuren ba wa wani kati a maimakon wani. Laifin da iyakarsa katin gargaɗi ne, mai kallon allo ba shi da hurumin kiran alƙali a kansa shi kaɗai. To mai tsokana gwani ya san daidai inda layin yake, yana tsayawa taƙi ɗaya kafin ja. Mai ramuwa kuwa cikin fushi yake, ba ya awo, shi ke tsallakewa, shi kyamara ke kamawa daga kusurwa shida. Wani abin kuma, ƙa'idar VAR ta ce a yi amfani da hoto mai tafiyar hawainiya wajen gano inda aka taɓa, a yi amfani da gudun hoto na ainihi wajen auna ƙarfin bugu. Idan aka saɓa wannan, aka tsayar da hoto daidai lokacin da gwiwar hannu ta taɓa ƙirji, kowace ture sai ta zama kamar naushi. Ya kamata duk lokacin da aka kira alƙali gaban allo a kan ramuwa, a fara nuna masa daƙiƙa goma da suka gabata. Ƙa'idar ta ba shi dama, in ya je dubawa, ya hukunta duk laifin da ya gani a wurin, har da na katin gargaɗi.

A Saudiyya an daɗe ana neman maganin rikicin alƙalanci daga waje. Howard Webb ya jagoranci sashen alƙalai, Mark Clattenburg ya gaje shi a 2017, kuma har yau manyan wasanni irin na Hilal da Nassr ko Ittihad da Ahli sau da yawa baƙi ake ɗaukowa su busa. Ba na ƙin a koyi aiki wurin wanda ya iya. Amma baƙo ma ɗan Adam ne: Webb ɗin nan shi ne ya ba Nigel de Jong katin gargaɗi kawai a wasan ƙarshe na gasar cin kofin duniya ta 2010 bayan ya sa wa Xabi Alonso takalmi a ƙirji, kuma daga baya ya amsa cewa ja ya kamata, inda ya tsaya ne bai ba shi damar gani sosai ba. Bayan haka, alƙalin da ya sauka Jidda ranar Alhamis ya tashi ranar Asabar bai san wane ne ke mintsini ba, bai san su wa ke da tsohuwar gaba tun kakar bara ba, ba ya jin zagin da aka yi da Larabcin unguwa. Alƙalin gida ya san duk wannan. Abin da ya rasa shi ne tabbacin cewa in ya ba shahararren ɗan wasa kati a minti na goma, hukuma za ta tsaya a bayansa washegari lokacin da shugabannin ƙungiya da shirye-shiryen talabijin suka taso masa. Ƙasar da za ta karɓi gasar cin kofin duniya a 2034 tana buƙatar alƙalanta na kanta da ba sa waiwaye kafin su sa hannu a aljihu.

Sauran aikin na kwamitin ladabtarwa ne. Abin da nake so a gani shi ne, duk jan katin da aka bayar a kan ramuwa, kwamitin ya buɗe fayil biyu ba ɗaya ba. A duba hoton abin da ya gabata, a saurari rahoton alƙali na huɗu da masu tuta, in an sami jan gashi ko tofi ko take ƙafa da gangan, a dakatar da mai yin. Tara ba ta da tasiri a gasar da albashin wasu ya kai miliyoyi. Hana wasa shi ne abin da koci ke ji a jikinsa, kuma koci ne kaɗai zai iya kiran ɗan wasansa ya ce ya isa haka. Kuma kada kwamitin ya ƙyale abin da ke tsakanin fili da 'yan kallo. Kwana uku bayan korar Ronaldo, a wasan ƙarshe na kofin nan da Hilal ta ci Ittihad 4 da 1, Abderrazak Hamdallah na Ittihad ya watsa wa wani ɗan kallo ruwa, mutumin ya zaro bulala ya tsula masa. Tsokana da ramuwa ne dai, sun tsallake allon talla.

Wani zai ce ana so a mayar da ƙwallo wasan yara. A'a. Tawagar Saudiyya ta 2018 ta je gasar cin kofin duniya a Rasha da Hausawi uku, Osama da Omar da Motaz, dukkansu 'yan baya, Osama kuma shi ne kyaftin. Mun san aikin mai tsaron baya, mun san kafaɗa da kafaɗa halal ce, mun san shara mai tsabta da ke ɗauke ƙwallo ta bar mutum a tsaye abin tafi ce. Ƙarfi daban, mugunta daban.

Abin da ake yi a babban fili kuma shi yara ke kwaikwaya a ƙananan filayen haya masu ciyawar roba, musamman a gasannin azumi da ake bugawa bayan tarawihi. A can babu allo, babu kwamiti, alƙalin ma wani babban yaya ne da aka roƙa ya riƙe usur. Wanda aka karya a can direba ne ko tela ko mai aikin shago, kuma wata uku a kwance na nufin wata uku babu kuɗin aikawa gida. Masu shirya irin waɗannan gasanni za su iya yin abin da manya suka kasa, tun daga daren farko: a tara kyaftin-kyaftin kafin a fara, a faɗa musu kyaftin kaɗai ke magana da alƙali, shara da ƙafa biyu kora ce ko an sami ƙwallo ko ba a samu ba, wanda ya rugo daga nesa ya shiga rigimar da ba tasa ba zai karɓi kati, kuma in an kori wani saboda ramuwa, wanda ya tsokane shi ba zai buga wasa na gaba ba. A sa mutum biyu masu mutunci a bakin layi, ɗaya kowane gefe, aikinsu kawai kallon abin da ke faruwa a bayan alƙali.